Laifi Yana Neman Kai

Laifi ba ya zama a ƙasa. Duk inda aka ambace shi, to ana neman kan da za a aza wa ne. A ɗora wa wane, a jingina wa wance, a shafa wa wanda ya fita bai dawo ba. Mukan ce an ba mutum laifi, sai ka ce wani abin arziki aka miƙa masa, alhali ban taɓa ganin wanda ya sa hannu biyu ya karɓa ba. Mukan ce na ga laifinka, mu ce kada ka ga laifina. A bakinmu laifi abu ne mai jiki, ana ganinsa, ana ɗaukarsa, ana sauke shi, ana wanke mutum daga gare shi. Abin da ba mu cika yi masa ba shi ne awo, kuma wannan ne ya hana ni sakat.

Wani abin mamaki, kalmar ta fi yawo a bakinmu a lokacin da muke kore ta. Tsaya a bakin hanya a Fulatan, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Rogo, can yammacin Kano inda ake jin ƙamshin ƙasar Zazzau da ta Katsina, ka tambayi manomi yaya amfanin bana. Zai ce ba laifi. Wataƙila rumbunsa ya cika har ya ari na maƙwabci, wataƙila kuma abin da ya samu ba zai kai iyalinsa bazara ba. Amsar dai ɗaya ce. Wanda ya samu yana tsoron baki, wanda bai samu ba yana tsoron butulce wa Ubangiji, sai su haɗu a kalma guda. Yaya jikin tsohuwa? Ba laifi. Yaya kasuwa? Ba laifi. Yaya karatun yara? Ba laifi. Wannan ta ƙarshen ce take tsaya mini a wuya, domin na sha jin an faɗe ta a kan yaron da ya shekara biyar yana saka kayan makaranta, amma bai iya haɗa baƙi da wasali ya karanta sunan garinsu ba.

Magabata ba su yi wa kalmar riƙon sakainar kashi ba. Da suka ce laifin daɗi ƙarewa, ba wanda za a gurfanar gaban alƙali. Aibi kawai suke nufi, ɗan tabon da ba a rasa shi a jikin abu mai kyau. Da suka ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, sun matso kusa da abin da nake nema. Ba su ce kowa mai laifi ne suka kaɗe riga suka tashi ba. Sai da suka duba abin da ke hannun kowa. Babba yana da abin bayarwa, don haka hanawa ce laifinsa. Yaro yana da ƙafar zuwa aike, don haka noƙewa ce nasa. Ba a tuhumar yaro da rowa, don ba shi ke riƙe da makullin rumbu ba.

Wadda ta fi su tashe kuwa ita ce ta tudu: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Karin magana ce mai kyau, amma an mayar da ita marfin rufe baki. Da zarar talaka ya ce ga abin da ake yi ba daidai ba, sai a jefe shi da ita, ya sunkuyar da kai. A sake sauraron maganar da kyau. Ba ta ce abin da ka hango ƙarya ne ba. Mutumin da ya hau tudunsa ya hango na wani, hangowar gaskiya ya yi. Tudun can yana nan daram. Abin da aka tuna masa kawai shi ne ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa. Kuma ba ta ce duk tuddai tsayinsu ɗaya ba. Akwai jigawa, akwai Dala.

Mutanen karkara sun san wannan sarai, kuma suna aiki da shi duk shekara. In kaka ta kusa, a ƙasar Rogo da Karaye kamar sauran ƙasar noma, da wuya a rasa shari'ar ɓarna. Shanu sun faɗa gonar dawa kafin a kwashe. Mai gona ya iso zauren dagaci yana huci, hula a karkace: "Ranka ya daɗe, sun gama da ni, ko zangarniya ɗaya ba su bar mini ba." Dagacin da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci daga kan buzu. Sai ya tashi mutane, wakilinsa, da sarkin noma, da wani dattijo daga ɓangaren ardo, a ɗunguma a je gonar. A bi sawun kofato a ga ta inda suka shiga. A ƙirga kunyoyin da aka tattake. A bambanta karan da ya karye da wanda ya kwanta kawai, wanda in aka ɗaga shi zai ci gaba da nuna. A ƙiyasta dami nawa wurin zai bayar in da an bar shi. Can sai wani tsoho ya dogara sandarsa a gefen gonar ya ce, "Malam, waɗannan kunyoyi ukun ai a cikin burtali suke. Tun muna yara ta nan shanu ke bi zuwa mashaya." Mai gona ya yi shiru, don ya san bara ya ci kunya ɗaya, bana ya ƙara biyu. Sai tsohon ya juya: "Kai kuma Ardo, yaron da kuka ba sanda bai isa ya tsare garke irin wannan ba." A rage nan, a ƙara can, a faɗi abin da za a biya, a shafa fatiha.

Ba na ce kullum ana yin adalci ba. Akwai inda ɗan goro ke karkatar da sandar tsoho, akwai kuma inda ba a kai ga zaure ba sai an kai ga adda. Amma dai ga hanya nan a shimfiɗe: a je wurin, a gani da ido, a ƙirga, a ba kowa gwargwadon abin da hannunsa ya yi. Abu ɗaya ne ban taɓa jin an sa a cikin lissafin ba. Yaron nan mai sanda, ɗan shekara goma ko ƙasa da haka, da hantsin ranar Talata, me ya raba shi da aji?

Waɗannan mutanen da suka iya ƙirga kunya da rana, zauna da su da daddare a bencin mai shayi, rediyo na magana, a ɗauko zancen ƙasa. Nan take awo ya ɓace. An cinye kuɗin. An ƙi gyarawa. Ba a kawo malamai ba. An lalatar da yara. An kashe ƙasar. Wa ya yi? An dai yi.

Wannan ɗan "an" ɗin yana da kyawunsa, kada a yi masa butulci. Da shi muke gaida manya, an tashi lafiya, an dawo. Da shi matar da ke jin nauyin ambatar sunan mijinta take cewa an fita, ana sallama da kai. Da shi uwa take rufa wa 'yarta asiri in ta ce an fasa tulu, alhali kowa ya ji ƙarar kuma ya san wa ya tafi rijiya. Lafazi ne na kunya da kara, a faɗi abin da ya faru ba tare da an tsinka kowa a gaban jama'a ba. Habaici ma a kansa ya ginu. Mace tana daka tana rera waƙa, ba ta kama sunan kowa ba, amma kishiya a ɗaki ta ji saƙo ya iso. Makaɗin fada ya yi zambo ya siffanta gemu da tafiya, bai ce wane ba, fada ta kwashe da dariya. Duk wannan yana cin nasara ne saboda mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gida ɗaya ne, gari ɗaya ne, mai abin yana kusa, kuma yana da fuskar da za ta ji kunya.

Ofis kuwa ba ya tsarguwa. Ka shekara kana yi wa ma'aikata habaici daga bencin mai shayi, ko takarda ɗaya ba za ta motsa daga kan tebur ba. Sai fushin ya rasa inda zai sauka, ya nemi na kusa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shi ya sa hedimasta ke shan zagin da ba nasa ba, kansila ya sha na gwamna. Idan kuma ana son a kare na sama ɗungurungum, akwai wata a ajiye: ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban san bafaden da ya taɓa naɗa kansa ba.

Na san wata makarantar firamare a wannan yanki, ba sai na kama suna ba, don irinta ba ɗaya ba ce. Iskar farkon damina ta yaye kwanon aji guda, ta naɗe shi ta jefar a bayan ginin. Aka kwashe yaran aka cusa su a ajin kusa, suka zauna gwiwa na gugar gwiwa a kan simintin da ya farfashe, gaban allon da ya koɗe har alli ba ya fita a jikinsa. Hedimasta ya ce ya rubuta wa ofishin ilimi. Ofishin ilimi ya ce an tura sama. Iyaye suka ce makarantar gwamnati ce. A garin akwai kafinta, kuma a ranar da abin ya faru aikin bai wuce na ƙusa da 'yan katakai da yini guda ba. Ruwa ya yi ta sauka a kan katakon rufin har ya ruɓe, ya jiƙa bango har ya tsage. Abin da gudummawar bayan sallar Juma'a za ta iya gyarawa ya zama sai kwangila. To a nan laifin wa? Wanda ya ce na hukuma ne bai yi ƙarya ba, domin akwai kuɗin da aka ware da sunan gyaran makarantu, kuma akwai wanda ake biya albashi don ya zagaya ya gani. Wanda ya ce na mutanen gari ne shi ma bai yi ƙarya ba, domin da kwanon masallaci ne ya yaye, ba zai kwana biyu a ƙasa ba. Gaskiya biyu ne, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba wanda ya tashi ya je ya ƙirga kunyoyin.

Ita doka ta yi nata rabon a takarda. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta, firamare shida da ƙaramar sakandare uku. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha jin jihohin da suka bar kuɗin yana kwance a Abuja don ba su kawo nasu ba. Dokar ba ta bar uba ba: wanda ya ƙi kai ɗansa, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ga tarayya, ga jiha, ga ƙaramar hukuma da ake cirar albashin malaman firamare daga kasonta, ga uba. An yi rabon ne don kowa ya riƙe gefensa, sai ya zama kowa ya samu wanda zai nuna da yatsa.

Shela kuwa ba mu rasa ta ba. Tun makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a 1909 ake ta buɗe sabon shafi. An yi ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya kai azuzuwa ƙauyuka da yawa da ba su taɓa ganin allon bango ba. An ƙaddamar da na bai-ɗaya a Sakkwato a 1999. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ce ilimi kyauta ne kuma dole a jihar Kano. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya faɗa da bakinsa cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama, kuma akwai ɗaruruwan makarantu masu malami ɗaya tal. Faɗar hakan a bainar jama'a abin a yaba ne. Amma kowace sabuwar shela takan zo da tsohon ɗan rakiyarta, wato na baya ne suka ɓata, su kuma na bayan su ce ai mu ma a ɓace muka tarar. A tsakanin waɗannan shekaru biyar ɗin dai mutumin Fulatan ya ga an ɗaga Karaye ta zama masarauta mai sarkin yanka a 2019, ya ga an rushe ta a 2024, ya ga an dawo da ita a mataki na biyu da Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. An yi musu a kan wannan har muryoyi suka dushe, abokai suka daina gaisawa. Da musun da aka yi a kan rawani an yi rubu'insa a kan yawan malaman lissafi da ke ƙasar Rogo, da aƙalla an san adadinsu.

Akwai masu jin irin wannan magana su yi wuf su ce, ai shi ke nan, kowa ya gyara kansa, shugabanni daga cikinmu suka fito, in mun gyaru za su gyaru. Maganar tana da asali, kuma a bakin malamin da ke wa'azi tsakani da Allah tana da amfani. Amma in ta fito daga bakin wanda makullin baitulmali ke aljihunsa, wanke hannu ce. Uwar da ta ɗora wa 'yarta farantin talla da safe maimakon jakar littafi tana da nata kason, ba na cire mata. Sai dai a je gidan tukuna a ga abin da farantin ke sayowa, a je ajin a ga ko akwai malami a ciki. In yarinyar za ta yini a aji ba wanda ya shigo, to uwar ta yi lissafi ne, kuma lissafinta bai kuskure da yawa ba. Cewa duk mu ne masu laifi, in ba a bi shi da awo ba, ɗan'uwan "an" ne. Ya yi wa kowa kuɗin goro, babba ya samu wurin ɓuya a cikin taro.

A 2020, lokacin annobar korona, mun ga ƙarshen wannan wasa da idonmu. Gwamnonin Arewa suka shiga kwashe almajirai a motoci, kowace jiha tana mayar wa 'yar'uwarta nata. Kano ta tura Kaduna da Jigawa da Katsina, ita ma aka turo mata. Uba ya ce na ba malam amana, malam ya ce uban bai taɓa aiko da ko mudu ɗaya ba, mai gida a birni ya ce ni dai ragowar tuwo nake bayarwa don Allah, hukuma ta ce ba 'yan jiharmu ba ne. Duk wanda aka taɓa yana da amsa a shirye. Wanda ba a tambaya ba shi ne yaron da ke cikin motar, kuma da aka buɗe hanyoyi da yawansu suka komo inda aka kwashe su.

To ina ilimi ya shigo? Mukan ce ilimi gishirin zaman duniya, mu faɗe ta a ranar rabon kyaututtuka, a tafa. Ni dai ba na cikin masu ganin da an buɗe makaranta an rufe ƙofar ɓarna. Waɗanda suka fi kowa gwanintar "an" masu digiri ne. Su ne suka iya rubuta ana sanar da jama'a cewa za a duba, an kafa kwamiti, ana kan bincike. Hannun da ya sa wa takardar aikin da ba a yi ba sa hannu ba hannun jahili ba ne. Yaron da ubansa ya biya kuɗi aka rubuta masa amsa a allo ranar jarrabawa ya fito da darasi guda da ba zai manta ba, cewa sakamako daban, aiki daban. Irin wannan karatu ƙara wa mai shi dabarar zamewa kawai yake yi.

Abin da ilimi zai iya yi ya fi wannan ƙanƙanta a ido, ya kuma fi shi wuya. Sandar tsoho ta isa ta auna ɓarnar gona saboda gonar tana nan, ƙafa za ta kai. Ɓarnar zamani kuwa nesa take tafiya. Dubi madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka gama a 1992. Mutanen nan sun samu kifi da noman rani, birnin Kano ya samu ruwa. Amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ita da ta Tiga sun sauya yadda ruwa ke zuwa da yadda yake janyewa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Masunci a Nguru ba zai bi sawun kofato ya iso Karaye ba, mai noman rani a Karaye kuma bai san ya taɓa kowa ba. Kafin a ce ga mai laifi a nan, sai an samu wanda ya iya karanta awon ruwa, ya san wa ke buɗe ƙofar madatsa, da yaushe, da umarnin wa. Haka kasafin kuɗi yake, haka takardar kwangila take. Allon da ake kafawa a gaban ginin gwamnati yana ɗauke da sunan aikin da sunan ɗan kwangila da hukumar da ta bayar. Ga wanda bai iya karatu ba, ƙarfe ne mai fenti. Ga wanda ya iya, "an" ta samu suna da adireshi.

Waɗanda suka taɓa motsa ƙasar nan sun gane haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, bai tsaya kan sarakuna kaɗai ba. Ya juyo kan malamai 'yan'uwansa, ya zarge su da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje don a yabe su. Zargi ne mai suna, kuma ya faro daga cikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u ba ta tsaya maimaita zargin ba, sai ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji tana ba su malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, ya koyar a Bauci da Maru. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, ƙarfinta shi ne ta daina cewa ana zalunci, ta ce ga harajin, ga jangalin, ga aikin tilas, ga wanda ke karɓa. A shekarun nan ne kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, dattawa suka zauna a gindin bishiya suna koyon a, ba, ca, kuma mutumin da ya iya duba rasiɗin harajinsa ko lambar da sikelin gyaɗa ya nuna ya fi ƙarfin a ce masa haka aka rubuta. Da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma ya kafa hukumar ilimin manya, wadda har UNESCO ta ba lambar yabo a 1983. Marubuta waƙa ma ba a bar su a baya ba. Sa'adu Zungur, a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya fi tsananta wa Arewa a kan nata halaye fiye da yadda ya tsananta wa na waje, kuma bai yi haka don ya wanke na sama ba, har su ya haɗa.

Sai dai suna ba na wani kaɗai ba ne. Tun a makarantar allo ake ba mu labarin waɗanda suka fara saɓa umarni. Iblis da aka tuhume shi sai ya kawo hujja, ya kare kansa, har ya jingina ɓatansa ga Wanda ya halicce shi. Annabi Adamu da Hauwa'u kuwa, ga wanda ya yaudare su a tsaye, suna da abin nunawa, amma suka ce su ne suka zalunci kansu. Malamai suna kiran ran da ke tuhumar mai shi nafsul lawwama, kuma suna ɗora shi sama da ran da ke ingiza mutum ga son zuciya. Hausa ta ajiye wa wannan wata kalma dabam, alhaki. Laifi ana iya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba, lauya ya iya sauke shi daga kan wanda ya aikata. Alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Malamin da ya sa hannu a rajistar zuwa aiki ya hau babur ya tafi acaɓa yana da hujja, albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, kuma hujjar gaskiya ce. Laifin wanda ya tsara albashin ya fi nasa girma nesa ba kusa ba. Amma yara sittin da suka yini suna kallon ƙofa, alhakinsu ya san hanyar gidansa, kamar yadda ya san hanyar gidan wancan.

Akwai wani ɗan abu da ake yi kowace safiya a aji wanda ba a ɗauke shi darasi ba, kiran suna. Malam ya buɗe rajista, ya kira yaro da sunansa da na ubansa, yaron ya amsa da bakinsa, a sa masa alama. Wanda bai zo ba a sa masa tasa. A gida yana cikin "yara", a gona yana cikin "su wane", a nan kuwa shi kaɗai ne a layinsa, ba wanda zai amsa masa. A ganina rabin tarbiyyar da ake nema a makaranta tana cikin wannan, in har shi ma mai kiran sunan akwai inda ake kiran nasa.

Manya ma suna da irin wannan rajista in sun so. Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin iyaye da malamai, da kwamitin gari mai kula da ita, ko da a takarda ne. Inda suke aiki, ba wani abin al'ajabi suke yi ba. Littafi ne na naira kaɗan, da wani matashi da ya gama sakandare yana riƙe da biro. A rubuta cewa aji kaza ba rufi tun watan kaza. A rubuta malamai nawa aka turo, nawa ke zuwa. A rubuta cewa mai unguwa ya ɗauki nauyin zagaya gidajen da yaransu suka daina zuwa, kafinta ya ce zai kafa kwanon in an sayo ƙusa, wane da wane za su kai takarda ofishin Sakataren Ilimi a Rogo ranar Litinin su karɓo shaidar an karɓa, da sunan wanda ya karɓa. In wata ya zagayo a sake zama, a fara da karanta abin da aka rubuta, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda ya kwana.